Ƙasan Fijo Ya Fi Ƙarfina

Kowa da abin da ya fi ƙarfinsa. Wani ƙwallo ce ke hana shi barci, wani tattabaru, wani kuma in ya doshi mai tsire sai ƙafarsa ta yi nauyi. Nawa ba na faɗa cikin mutane ba ne, amma tunda rabin unguwarmu sun riga sun gan ni kwance cikin ƙura, ɓoyon ba shi da sauran amfani. Ni dai ba na iya ganin tsohuwar Fijo 504 a tsaye ban leƙa ƙarƙashinta ba. Fenti bai dame ni ba, ƙarar inji ma haka. Durƙusawa nake yi, in ta kama in kwanta rigingine, in zaro makullin gida in riƙa ƙwanƙwasa ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafar direba ina kasa kunne. Ƙarfe mai lafiya amsawa yake ƙal-ƙal, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji buf-buf, wani lokaci har ya zubo maka da jan gari a ido. Na yi wannan a tasha, na yi a bakin asibiti, na yi a wajen ɗaurin aure sanye da babbar riga mai aiki, har wani dattijo ya turo yaro ya tambaye ni ko kuɗi ne suka faɗi.

A wani garin da an yi dariya an wuce. A Potiskum kuwa, inda ba a manta da shekarun 2012 zuwa 2015 ba, lokacin da ake binciken mota da mutum a ƙofar kasuwa da ta masallaci, wanda ke rarrafe ƙarƙashin motar da ba tasa ba yana neman abin da ya wuce dariya. Wata Laraba a bakin kara, ana tsaka da loda shanu, na hango wata farar wagon na shige ƙarƙashinta. Ban ankara ba sai na ji an jawo ƙafata. Matasa biyu ne 'yan sintiri.

"Baba, me kake nema a nan?"

Na ce tsatsa. Amsar ba ta taimake ni ba ko kaɗan, bayanin da na biyo da shi kuma ya ƙara dagula lamarin. Mai motar ne ya cece ni, wani dillalin shanu da ya san ni, ya ce musu, "Ku ƙyale shi, tsohon malamin makaranta ne, haka Allah Ya yi shi." Har yau ban yanke hukunci ba ko kare ni ya yi ko zagina.

Asalin ciwon yana cikin gidana, a kan bulo huɗu, ƙarƙashin darbejiya. Fijo 504 ce haɗin Kaduna. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya saye ta hannu na biyu daga wani ma'aikacin tsohuwar Jihar Borno, tun kafin a yanke Yobe a 1991. Da aka zo rabon gado 'yan'uwa suka yi ta kai-kawo a kan gona da shago, ni na ce a bar mini motar. Ban taɓa ganin an amince da magana da sauri irin wannan a gidanmu ba.

Idan ka kuskura ka tambaye ni game da ita, ka shirya zama. Zan gaya maka cewa a 1968 kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa, cewa gidan zane na Pininfarina na Italiya ne ya fitar da siffarta, cewa a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Zan gaya maka cewa a 1975 Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, kuma a shekarar ce masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci, har ana ɗauko kayan ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano sannan a biyo da su hanya. Zan tuna maka lokacin da gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da Fijo motar hukuma. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Na taɓa karanta wa wani bawan Allah wannan tarihin gaba ɗaya alhali rancen kuɗin magani ya zo nema, ya tashi ya tafi bai samu sararin faɗa ba.

Amma duk wannan share fage ne. Inda na fi zafi shi ne ƙasan bodi. Tirela da tifa suna da casis, wato manyan ƙarafa biyu da ke ɗauke da komai, bodin kuma ɗora shi kawai ake yi. Salun ɗin 504 ba haka take ba. Bodin ne ƙashin bayanta, ƙasan da kake takawa da dogayen akwatunan ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi su ne ke riƙe gaba da baya wuri ɗaya. A jikinsa kujeru ke ɗaure. Idan ya ruɓe, motar na fara lanƙwasa a hankali, ƙofa ta daina rufuwa sai da duka, sa jak ma ya zama caca, domin maimakon motar ta tashi sai jak ɗin ya nutse cikinta. Kuma kaurin wannan ƙarfen da ke ɗauke da rayukan mutum biyar bai wuce milimita ɗaya ba. Tun ranar da na san haka na rasa sukuni.

Mutane kan ce, ina tsatsa ta ga ruwa a Potiskum? Damina daga Yuni zuwa Satumba ce, sauran watannin leɓe ma tsagewa yake. Tambaya ce mai ma'ana. A Turai da Amurka gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, shi ya sa wata Beljiyam ɗin ke zuwa tana sheƙi a sama, ƙasanta ya gama zagwanyewa. A Legas da Fatakwal iskar teku ce ke wannan aikin. Tamu ta nan daga ciki take ruɓewa, kuma da hannunmu. Abu uku tsatsa ke buƙata, ƙarfe da ruwa da iska, in aka samu gishiri sai ta ƙara sauri. Rana ta busar da robar gilashin gaba ta tsattsage, ruwan Agusta ya biyo ta ciki ya gangara ƙarƙashin kafet. A can akwai matsatsiyar auduga da aka shimfiɗa don rage zafi da ƙara, ita kuwa in ta sha ruwa sai ta yi wata ba ta bushe ba. Yaran wankin mota su zo su sheƙa bokiti a ciki don mai mota ya ga sun yi aiki. Butar alwala tana ƙarƙashin kujera tana ɗiga kullum. Mahaifina kuma bai taɓa ɗaukar motar nan a matsayin abin ado ba: ta ɗauki gishiri da kanwar shanu, ta ɗauki buhunan takin zamani, ta ɗauki bandar Gashuwa, ta ɗauki akuyoyin da ba su san an hana fitsari a mota ba. Daga waje kuma laka da kashin shanu suna cushe ƙananan ramukan da aka huda don ruwa ya fita. Tsatsa ba ta rufe ƙarfe ta tsaya. Kumbura take ta ɓare, ta buɗe sabon ƙarfe, ta kuma riƙe danshi a jikinta.

Ranar da na ɗaga kafet ɗin na ga tarihin gidanmu hawa-hawa. A ƙarƙashin kafet akwai ledar ɗaki mai furanni, irin ta ɗakin Hajiyarmu. A ƙarƙashin leda akwai kwali. A ƙarƙashin kwali akwai gwangwanin man gyaɗa da aka fasa aka miƙar aka ɗaure da waya. A ƙarƙashin gwangwani kuma akwai ƙasar Allah, da kaza tana kallona. Sai na tuna muna yara, in za a je Azare, har faɗa muke yi kan wanda zai zauna bayan direba, saboda akwai wata kafa da ake kallon kwalta tana gudu, ta nan kuma muke zubar da ɓawon gyaɗa. In an doshi kududdufi Baba yakan ce, "Ku ɗaga ƙafafunku." Mu a lokacin mun ɗauka kowace mota haka take.

Mutum mai hankali zai ɗora wani gwangwanin ya mayar da kafet. Ni sai na rantse ba zan bar ko ɗigon tsatsa ba.

Garinmu garin masu walda ne, ba a musu. Wanda ya ga jerin tirelolin da ke Potiskum ya san akwai hannayen da ke ƙera bodin ɗaukar shanu har Legas ya dawo bai motsa ba. Sai dai hannun da ya saba da ƙarfe mai kauri bai san lallashi ba. Na farko da na kira ya kunna injinsa na lantarki, ya ɗora sanda a kan ƙasan motar, kafin in yi ƙiftawar ido rami ɗaya ya zama uku. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Alhaji, wannan ai takarda ce." Na biyu fanalbita ne mai saurin hannu, ya zo da gwangwanin foti ya ce kafin la'asar zai mayar da wurin sumul. Foti a kan tsatsa kuwa yaɓe ne a kan katangar da gara ta cinye. Tun daga lokacin nake yawo da ɗan maganaɗisu a aljihu: inda ya kama ƙarfe ne, inda ya sulɓe foti ne. Na ɓata wa dillalan mota da dama rai da wannan ɗan abin, wani ma ya daina amsa sallamata.

Na uku tsoho ne da ya yi zamani da Fijo tun tana amarya, mai aiki da tukunyar kabaid. Ana zuba wa kabaid ruwa ya ba da iskar da ke ci da wuta, a haɗa ta da oksijin, a samu harshen wutar da za a iya rage shi yadda ƙarfe mai laushi zai jure. Da shi muka daidaita, in daidaitawa ce mutum biyu su kwashe watanni suna gardama. Kafin ya kunna wuta sai da ya sauke tankin mai, ya zare bututun fetur da na birki da ke bin ƙasan, ya fitar da kujeru da wayoyi, ya kuma kafa ƙarafa a gicciye a bakin ƙofofi don kada bodin ya karkace in an yanke cikinsa. A nan na gane na samu mutumina. Na je Kofar Ruwa a Kano neman ƙasan wata 504 da aka yanka, na leƙa Panteka a Kaduna, duk wanda na ƙwanƙwasa sai ya ce mini buf. Dole muka sayi sabon fallen ƙarfe. Wani ya ba ni shawarar kwanon rufi tunda ba ya tsatsa da wuri, tsohon ya ce a kai kasuwa, kwano ya yi siriri, ga shi hayaƙin sinadarin da aka lulluɓe shi da shi yana sa zazzaɓi in wuta ta taɓa shi.

Ya yanka kwali daidai da kowane rami, ya zana a kan falle, ya yanke. Ya ɗora shi a kan kututture ya buga masa layuka da guduma, domin falle shimfiɗaɗɗe lanƙwasa yake yana kuka in an taka, mai layi kuwa yana tsayawa. Rigimar ta taso ne wajen haɗawa. Shi yana so ya ɗora sabo a kan tsoho ya bi gefen da wuta, aikin yini ɗaya. Ni na ce baki da baki za a haɗa, saboda tsakanin falle biyu da aka ɗora wa juna nan ruwa ke kwana, nan kuma tsatsa ke sake haihuwa. Haɗin baki da baki yana cin lokaci: ɗigo a nan, ɗigo a can nesa, a jira ya huce, a dawo, don zafi in ya taru wuri ɗaya murɗe ƙarfen yake. Ya ajiye tocinsa ya dube ni.

"Malam, tsakaninka da Allah, wa zai gani?"

Na ce ni.

"Kafet fa za ka shimfiɗa a kai."

Na ce ko da kafet ɗin zan sani. Ya girgiza kai ya ce shekara da shekaru yana wannan sana'a, kowa kawo masa gefen da ake gani yake yi, bai taɓa samun wanda ya haukace a kan gefen da kare kaɗai ke kallo ba. Daga nan ya ƙara kuɗin aiki, na kuma biya ina murna, wanda hakan kaɗai ya isa shaida a kaina.

Kashe tsatsa da hana ta dawowa ni na karɓa da hannuna, don ban yarda da kowa ba. Giranda da burushin waya har ƙarfe ya yi fari. Inda burushi bai isa ba, cikin ƙananan ramuka, na shafa ruwan asid na fosforik, wanda ke mayar da jar tsatsa baƙa mai tauri da fenti ke iya kamawa. Na goge, na bar rana ta yi aikinta, abin da ba ma rasawa a nan. Sannan jan fentin nan na ƙarfe hawa biyu, sama da ƙasa, musamman bayan layin walda, domin inda wuta ta ƙona nan tsatsa ke fara sauka. Na bi kowane haɗi da danƙon toshe kafa, na ɗora fenti na gaske a kai. Na huda ramukan fitar ruwa na bi su da waya ɗaya bayan ɗaya.

Majalisarmu ta bayan la'asar ta rabu biyu a kan abin da zai biyo baya. Ɓangare ɗaya 'yan kwalta ne, a narka ta da kananzir a shafe cikin motar baƙi ƙirin. Na yarda da su rabi. Kwalta a kan ƙarfe mai tsabta da fenti tana tare tsakuwa. A kan tsatsa kuwa mayafi ce kawai, zafin Afrilu ya tsaga ta, ruwa ya shige baya ya zauna, kai kana kallon baƙi kana godiya. Ɗaya ɓangaren 'yan baƙin mai ne, tsofaffin direbobi, waɗanda ke fesa man juye cikin akwatunan ƙarƙashin ƙofa kafin damina. Wannan yana aiki, don mai yana kutsawa inda fenti ba ya zuwa, sai dai yana tara ƙura, yana cin roba, kuma kowace shekara sai an sake. Ni da ba na son ɓata wa kowa rai, na yi duka biyun, kowanne a inda ya dace. Mako guda tuwon gidana yana ƙanshin gareji.

Maganar kuɗi kuma gara a taƙaita. Akwai wani adashi da uwargida ta ɗauka na shiga don gyaran soro. Akwai rago da aka saya da niyyar Layya ya bar gidan tun Sha'aban. Ba ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Wata safiya ta tsaya a kaina ina kwance da tocila a baki, ta ce, "Malam, sannu da aiki. Injin nan da ke cikin sito, a bar shi ko in sa yara su matsar? Gero nake so a shigar."

To ga inda gaskiyar take. Motar ba ta tafiya. Injin yana sito tsakanin buhuna, tayoyi biyu suna kan rufin kaji suna danne kwano, lagireto an ba maƙwabci aro tun bara. Ni da na mallaki ƙasan mota mafi kyau a Jihar Yobe, a Napep nake zuwa karɓar fansho. Ba kuɗin inji ne ya gagara ba, abin da na kashe a ƙasa ya isa ya tayar da shi har a samu canji. Ƙanena bakanike ne, ya yi mini tayin haɗa shi kyauta, ya ce, "Yaya, ba ni mako biyu ka ji kukanta." Kullum sai in samo dalili. Dalilin na gaskiya kuwa shi ne tsoro. In ta tashi hanya za ta hau. In ta hau hanya tsakuwar hanyar Fika za ta fasa mini fenti, kududdufin Agusta zai wanke mini mai, wani ɗan'uwa zai ce a taimaka a kai masa buhun taki gona, ni kuwa ban iya cewa a'a ba. A kan bulo babu abin da ke samunta.

Abin da ya rage mini shi ne nuna wa baƙi. Ina da tabarma ta musamman da tocila. Wanda duk ya shigo gidan, mai duba mitar wuta ne ko mai kawo katin biki, sai na yi masa tayi. Yawancinsu sukan tuna cewa suna sauri. Wanda bai samu hanyar gudu ba shi ne yaron da ya zo neman 'yata. Ya zo cikin farar shadda gaishe ni, yana sunkuyar da kai, na ce taso ka ga wani abu. Ya kwanta, na miƙa masa tocila, ya ɗan jima a ciki, sannan na ji murya daga ƙasa tana cewa, "Masha Allah, Baba, ai ko layin waldar ba a gani." Iyayen yarinyar mata suna can suna binciken asali da sana'a, ni a raina na riga na ba shi. 'Yar tawa ce ta gaya mini daga baya cewa ita ta koya masa abin da zai faɗa tun a waya.

Mutum ɗaya ne dai ya yaba aikin ba tare da an koya masa ba. Ɗan gwangwan ne, yana tura kurarsa ya hango ta ta ƙofar zaure, ya yi sallama. Ban ma yi masa tayin tabarma ba, da kansa ya durƙusa ya ƙwanƙwasa da ƙarfen hannunsa, nan da can, gaba da baya, yadda nake yi. Zuciyata ta cika. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce, "Kai, Alhaji, wannan an zuba mata ƙarfe mai kyau. Irinta da muke samu duk ƙasan ya zube, ba sa nauyi a sikeli. Wannan zan ƙara maka a kan kilo."

Na ce ya fita. Uwargida daga madafa ta ɗaga murya ta ce ya bar lambarsa.